TUƘI CIKIN MAYE: SHEKARA NAWA LAIFI YAKE YI A TAKARDAR MUTUM?



Darasinmu na yau a kan wata takarda ne. Takardar ƴar ƙarama ce, shafi ɗaya tak. Amma tana buɗe wa mutum ƙofar aiki, tana kuma rufe ta. Da Faransanci ana rubuta sunanta haka: casier judiciaire. Mutanenmu suna ce mata kaziye. A cikinta ne gidan shari'a yake rubuta hukuncin da aka taɓa yanke wa mutum.

Ga tambayar da za mu duba. An kama direba ya sha giya yana tuƙi. An kai shi gaban alƙali. Ya biya tara, ko ya yi kaso ya fito. Shi ke nan, magana ta mutu? A'a. Kaso ya ƙare, kuɗi sun shiga baitulmali, amma rubutu yana nan. To, shekara nawa rubutun nan yake yi kafin a goge shi?

Wani zai ce: ni ba na shan giya, addinina ya hana, ina ruwana? Da ruwanka, malam. Kana shiga mota ranar kasuwa. Ɗanka yana koyon tuƙi a tasha. Ƙanenka yana ci-rani da babur a birni. Wata rana kuma za a nemi kaziyen ɗanka wurin neman aiki, ko da bai taɓa yin laifi ba. Saboda haka kowa ya karanta da kyau.

1. ME GIYA TAKE YI WA MAI TUƘI?

Giya da burkutu da barasa, abu ɗaya ne ke cikinsu mai sa maye. Likitoci suna ce masa alkol. In mutum ya sha, alkol ya shiga jini, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa. Gani ya ragu, musamman da dare. Ƙafa ta yi nauyi wajen taka birki. Mafi muni, mutum ya riƙa jin ya fi kowa iya tuƙi, ya ƙara wuta.

Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa 1. In direba ya makara da daƙiƙa 1 kafin ya taka birki, mota ta riga ta ci mita 25. Ku dubi babbar hanyar da ta tashi daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Madawa, Maraɗi da Tasawa har Damagaram. Garuruwa da kasuwanni suna bakinta. Mita 25 sun isa a take yaro, ko amalanke, ko garken awaki.

Ana auna alkol da garam cikin litar jini. Ko a sa mutum ya hura wata ƴar na'ura, ko likita ya ɗibi jininsa. Kofi ɗaya na giya, mai santilita 25, yana ƙara kamar garam 0,20 zuwa 0,25. Babbar kwalba mai santilita 65 ta fi kofi 2 da rabi. Jiki kuwa yana fitar da kamar garam 0,10 zuwa 0,15 ne kawai a awa ɗaya. Goro ba ya fitar da alkol. Shayi da kafe ba sa fitar da shi. Wanka da ruwan sanyi ma haka. Lokaci kaɗai ke fitar da shi. Wanda ya kwana yana sha, yana iya wayar gari da alkol a jininsa, shi kuwa yana ganin ya warware.

Ƙwaya irin su tramol, da tabar wiwi, su ma suna ɓata hankalin mai tuƙi. Wanda ya sha su ya kama sitiyari ko kan babur, ya sa rayukan mutane cikin haɗari.

2. TARAR BAKIN HANYA DABAN, HUKUNCIN KOTU DABAN

Laifuffukan hanya ba su zama ɗaya ba. Akwai ƙanana, kamar fitilar da ta mutu ko takardar mota da aka manta a gida. Jandarma ko ɗan sanda ya rubuta tara, ka biya, a ba ka resi. Irin wannan ƙaramar tara ba a kai ta cikin kaziye. Amma ka karɓi resinka, ka adana shi.

Akwai kuma manyan laifuffuka, waɗanda sai an je gaban alƙali. A ƙasarmu Nijar, dokar hanya da aka kafa a shekarar 2014 ta hana tuƙi cikin maye. In kuma mai maye ya ji wa wani rauni, ko ya kashe rai, magana ta ƙara nauyi. Ko da bai yi niyya ba, doka tana hukunta kisa da raunin da ganganci ya jawo. Alƙali yana iya yanke tara, ko kaso, ko duka biyu. Ana iya karɓe masa parmi, wato takardar izinin tuƙi. Ga kuma diyyar da za a biya waɗanda aka cuta.

In alƙali ya yanke hukunci, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, hukunci ya tabbata. Daga nan magatakardan kotu, wanda ake kira girefiye, zai cika wata ƴar takarda. Ya rubuta sunan mutum, sunan uwa da uba, ranar haihuwa da garin haihuwa, irin laifi, ranar hukunci, da abin da aka yanke. Wannan takarda ita ce ke shiga kaziye.

3. DAGA INA WANNAN TSARI YA FITO?

Tsarin ya fito daga Faransa. A da, mai laifi yana yin ɓarna a wannan gari, ya koma wancan gari, ya ce wa alƙali bai taɓa yin komi ba. Alƙali ba shi da hanyar sani. A shekarar 1848 wani ma'aikacin shari'a mai suna Bonneville de Marsangy ya kawo dabara. Ya ce mutum yana iya sauya mazauni sau goma, amma garin haihuwarsa ɗaya ne. Saboda haka, ko ina aka hukunta shi, a aika labari kotun garin da aka haife shi. Gwamnatin Faransa ta karɓi dabarar a shekarar 1850. Aka yi akwatuna masu ɗakuna-ɗakuna, ana jera takardu bisa harufan suna. Sunan akwatin ne ya zama sunan takardar: kaziye.

A shekarar 1899 Faransa ta ƙara wata doka. Dokar ta ce wanda ya gama hukuncinsa, ya zauna lafiya shekaru, sai a wanke sunansa. Yau Faransa ta tara kaziyen mutanenta duka wuri ɗaya, cikin kwamfuta, a birnin Nantes.

Bayan Nijar ta sami mulkin kai a shekarar 1960, ta kafa dokokinta na hukunta laifi da na tafiyar da shari'a a shekarar 1961. An gina su bisa tsarin na Faransa. Shi ya sa wanda aka haifa a Tasawa, ko da a Yamai aka hukunta shi, labarin yana komawa kotun da ke kula da garin haihuwarsa. Gudu daga gari zuwa gari ba ya ɓatar da rubutu.

4. TAKARDA UKU DAGA AKWATI ƊAYA

Ba kowa ake nuna wa dukan abin da ke cikin kaziye ba. Ana fitar da takarda iri uku. Kowace da lambarta.

Takarda mai lamba 1: komi yana ciki. Alƙalai kaɗai ake ba wa. Ita alƙali yake dubawa in mutum ya sake dawowa gabansa.

Takarda mai lamba 2: yawancin hukunce-hukunce suna ciki, an cire waɗansu. Ma'aikatun gwamnati ake ba wa, misali in za a ɗauki mutum aikin gwamnati ko aikin soja.

Takarda mai lamba 3: manyan hukunce-hukunce ne ke ciki, musamman na kaso. Mai ita kaɗai ake ba wa. Ita ce wadda muke zuwa kotu mu karɓa, mu sa cikin takardun neman aiki.

In babu komi a kan mutum, ana rubuta kalmar Faransanci néant. Ma'anarta: babu komi. Ku koyi gane kalmar nan da idonku.

Ku lura da abu ɗaya. Takarda mai lamba 3 tana iya fitowa fara tas, alhali laifin yana nan cikin mai lamba 1. Wanda ya ga néant a hannunsa, kada ya ɗauka alƙali ya manta da shi.

Ban da kaziye, ma'aikatar da ke ba da parmi ita ma tana da nata littafi. Can ake rubuta wanda aka karɓe wa parmi, da tsawon lokacin da aka hana shi tuƙi. Ke nan mai tuƙi cikin maye wuri biyu ake rubuta shi.

5. TO, SHEKARA NAWA?

Babu lamba ɗaya da ta shafi kowa. Abubuwa uku ne ke sa lokaci ya yi tsawo ko ya gajarta.

Na fari: nauyin hukunci. Tara ta fi saurin goguwa. Gajeren kaso yana biye. Dogon kaso ya fi daɗewa.

Na biyu: ranar da aka gama hukunci. Ba a fara ƙidaya daga ranar da aka kama mutum. Ana farawa daga ranar da ya gama biyan tara, ko ranar da ya gama kaso.

Na uku: halin mutum bayan haka. In aka sake hukunta shi kafin shekarun su cika, ƙidayar farko ta rushe.

Domin mu ga yadda abin yake da lambobi, mu ɗauki dokar Faransa, tun da can tsarin ya fito. Ku riƙe cewa waɗannan lambobin na Faransa ne, kowace ƙasa da nata.

A Faransa an hana tuƙi in alkol ya kai garam 0,5 cikin litar jini. Ga sabon direba da direban bas, iyaka garam 0,2 ce. Daga 0,5 zuwa ƙasa da 0,8, ana biyan tarar yuro 135, wato kusan jikka 88 da rabi na kuɗinmu. Ana kuma cire maki 6 daga maki 12 da ke kan parmi. Daga garam 0,8 zuwa sama, babban laifi ne, na kotu, kuma yana shiga kaziye.

Ga shekarun da ake jira can kafin suna ya wanku da kansa:

Wanda aka ci tara kaɗai: shekara 3 daga ranar da ya biya.

Wanda ya yi kaso sau ɗaya, bai wuce shekara 1 ba: shekara 5 daga ranar da ya gama.

Wanda ya yi kaso sau ɗaya, fiye da shekara 1 amma bai wuce shekara 10 ba: shekara 10 daga ranar da ya gama.

Wanda doka ta ɗauka mai maimaita laifi ne: a ninka shekarun sau 2.

Akwai kuma hukuncin da ake kira sursi, wato ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Alƙali ya yanke kaso, amma ya ce mutum ya tafi gida. In ya yi shekara 5 ba a sake hukunta shi ba, kason ya faɗi. In ya sake laifi cikin shekarun nan, ana iya haɗa masa tsohon kaso da sabo.

In shekarun sun cika, laifin ya fita daga takarda mai lamba 2 da mai lamba 3. Amma a Faransa yana iya zama cikin mai lamba 1, wadda alƙalai ke gani, har shekara 40, sai fa in kotu ta ba da umurnin a cire.

A nan gida ma dokarmu ta san wanke suna, kuma abubuwa ukun nan su ne ake dubawa. Wanda aka taɓa hukuntawa ya ɗauki takardar hukuncinsa da resin biyan tara, ya je wurin girefiye. Shi zai duba irin hukuncin, ya gaya masa lokacin da ya shafe shi.

6. MISALI

Mu bi lambobin da muka gani a sama. A ce direbobi uku ne, an kama su rana ɗaya cikin shekarar 2018, kowa ya sha. Alƙali ya ci su tara iri ɗaya.

Na fari ya sayar da rago, ya biya cikin shekarar 2018, ya karɓi resi. Ya bar sha. 2018 a ƙara 3, ya zama 2021. A shekarar 2021 sunansa ya wanku.

Na biyu ya yi ta jan ƙafa, yau da gobe. Bai biya ba sai shekarar 2020. 2020 a ƙara 3, ya zama 2023. Jinkiri ya ci masa shekara 2 a banza.

Na uku ya biya cikin shekarar 2018, amma bai bar sha ba. A shekarar 2020 aka sake kama shi. Alƙali ya buɗe takarda mai lamba 1, ya ga laifin farko. A Faransa, wanda ya sake irin laifin nan cikin shekara 5, mai maimaita laifi ne. A ce an yanke masa kaso wata 6, ya gama a shekarar 2021. Shekara 5 a ninka sau 2, ta zama 10. 2021 a ƙara 10, ya zama 2031.

Laifi ɗaya suka fara da shi, rana ɗaya. Tsakanin na fari da na uku akwai shekara 10.

7. YAYA ABIN YAKE A SAURAN ƘASASHE?

Ƴaƴanmu suna fita waje, wasu karatu, wasu fatauci, wasu neman aiki. Yana da kyau mu san cewa ko ina ana rubuta wannan laifi, kuma yana daɗewa.

A Ingila, laifin tuƙi cikin maye yana yin shekara 11 a littafin parmi, daga ranar hukunci. Ana hana mutum tuƙi aƙalla wata 12. In ya sake cikin shekara 10, ana hana shi aƙalla shekara 3.

A Amurka kowace jiha da dokarta. A jihar Kalifoniya, laifin yana yin shekara 10 a littafin tuƙi. A jihar Fulorida, shekara 75. Saurayi ɗan shekara 25 da aka hukunta can, sai ya cika shekara 100 kafin rubutun ya fita. A jihar Teksas kuwa, wucewar shekaru ba ta goge hukuncin.

Ƙasar Kanada ta ƙara tsananta dokarta a shekarar 2018. Baƙon da aka taɓa hukuntawa saboda tuƙi cikin maye, ko da a wata ƙasa ne, ana iya hana shi shiga.

Ƙasashe da yawa suna tambayar mai neman biza ko an taɓa hukunta shi. Wasu suna neman kaziye daga ƙasarsa. Wanda ya ɓoye aka gane, ya ƙara wa kansa laifi na biyu.

8. SASSAUCI, YAFIYA DA WANKE SUNA

Mutane suna haɗa abubuwan nan uku, alhali sun bambanta.

Sassauci: wani lokaci, ranar babban biki na ƙasa, shugaban ƙasa yana rage wa ƴan kaso kwanaki. Mutum ya fito da wuri, ya koma cikin iyalinsa. Amma sassauci ba ya goge rubutu. Hukuncin yana nan cikin kaziye.

Yafiya ta doka, wadda ake kira amnisti: doka ce ta musamman da ake kafawa, ta shafe waɗansu laifuffuka gaba ɗaya. Ita tana goge rubutu. Sai dai ba a cika yin ta ba, kuma laifuffukan da ta ambata kaɗai take shafa. Kada kowa ya zauna jiranta.

Wanke suna: da Faransanci réhabilitation. Hanya biyu ce. Ta fari ita ce wadda muka gani, shekaru su cika mutum bai sake laifi ba. Ta biyu, mutum ya rubuta takardar roƙo, ya kai wa mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda ake kira prokurer. Za a yi bincike a garin da yake zaune. A tambaya: ya biya tara? Ya biya diyya? Yaya zamansa da mutane? Sannan kotu ta duba, ta amince ko ta ƙi. A Faransa, ga irin wannan laifi, sai an yi shekara 3 bayan gama hukunci ake iya kai roƙon.

Hattara da ƴan damfara. Wani zai tare ka a ƙofar kotu, ya ce ka ba shi kuɗi ya goge maka laifi. Ƙarya yake yi. Takardar jabu laifi ce babba, mai yin ta da mai amfani da ita duk ana hukunta su. Garin neman gira kada a rasa ido.

9. ME RUBUTUN NAN YAKE JAWO WA MUTUM?

A ƙasarmu, duk wanda zai shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ana neman kaziyensa. Mai son zama malamin makaranta, ko ma'aikacin lafiya, ko jandarma, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin duwan, sai ya kawo. Mai tsayawa takarar zaɓe ma ana neman nasa. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar direbobi, su ma sukan nema.

Ku dubi saurayin da ya kwashe shekaru yana karen mota. Ya tara kuɗi da ƙyar, ya sami parmi. Ga aikin tuƙi ya fito mai albashi kowane wata. An ce ya kawo kaziye. In takarda ta nuna ya taɓa yin kaso saboda tuƙi cikin maye, wa zai ba shi makullin mota? Wani za a ɗauka. Shekarun da yake jira sunansa ya wanku, su ne shekarun ƙarfinsa, lokacin aure da gina gida. Yawancin konkur kuma suna da iyakar shekarun haihuwa. Kafin takarda ta yi fari, mai yiwuwa shekarunsa sun wuce.

Hasarar ba ta tsaya kansa shi kaɗai ba. Iyaye sun sayar da hatsi da dabba domin biyan tara. Mata da ƴaƴa sun zauna babu mai kawo cefane. In kuma rai ya salwanta, wancan gida sun yi rashin da babu kotun da za ta mayar musu. Shari'a tana iya wanke suna bayan shekaru. Mutanen gari kuwa sukan daɗe ba su manta ba.

10. YADDA AKE NEMAN KAZIYE

Ka je kotun da ke kula da garin haihuwarka, ofishin girefiye. Ka tafi da takardar haihuwarka, ko takardar kotu da ke madadinta, da katin shaidarka. Za ka biya kuɗin tambur. In an ba ka takarda, ka karanta ta tun kana wurin. Ka duba sunanka, sunan uwa da uba, da ranar haihuwa. Mutane da yawa sunansu ɗaya ne. In ka ga kuskure, ka faɗa nan take. Wannan yana cikin amfanin yaƙi da jahilci: ka karanta takardarka da idonka, ba sai wani ya karanta maka ba.

Kaziyen da ake karɓa wurin neman aiki, sai wanda bai wuce wata 3 da fitowa ba. Saboda haka kada ka karɓa ka ajiye cikin akwati. Ka nema lokacin da kake bukata.

Wanda ba shi da takardar haihuwa zai sha wahala wajen samun kaziye. Iyaye, ku rubuta haihuwar ƴaƴanku da wuri.

11. ABIN DA ZA MU RIƘE

In ka sha, kada ka tuƙa mota, kada ka hau babur. Ka ba wani makulli, ko ka kwana inda kake.

In ka ji warin giya a bakin direba, kada ka shiga. In kun riga kun tashi, ku haɗa baki ku ce ya tsaya. Ku sanar da shugabannin tasha ko jandarmomi.

Mai mota, ka san wanda kake ba wa motarka.

In an riga an hukunta ka, ka biya tara da diyya da wuri, domin ƙidaya ta fara. Ka adana resi da takardar hukunci inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba.

Kada ka tuƙa cikin lokacin da aka karɓe maka parmi. Wannan sabon laifi ne.

Kada ka sake. Laifi na biyu yana tayar da na fari. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN MASU KOYO

Malami ya karanta, ɗalibai su amsa ɗaya bayan ɗaya.

1. Mene ne kaziye? A wace kotu ake neman sa?
2. Takarda iri nawa ake fitarwa daga kaziye? Wace ce ake ba mai ita a hannu?
3. Me kalmar néant take nufi?
4. Daga wace rana ake fara ƙidayar shekaru?
5. Mene ne bambancin sassauci da wanke suna?
6. Me za ku yi in direban motar kasuwarku ya sha giya?

LISSAFI

1. Mota tana cin mita 25 cikin daƙiƙa 1. Mita nawa za ta ci cikin daƙiƙa 3?
2. Mutum ya gama kaso a shekarar 2019. Zai jira shekara 5. Wace shekara sunansa zai wanku?
3. An hukunta direba a Ingila a shekarar 2016. Rubutun yana yin shekara 11. Wace shekara zai fita?
4. Kun karɓi kaziye ranar 1 ga watan Maris. Yana aiki wata 3. Yaushe zai daina aiki?

Ku rubuta amsoshi cikin littattafanku, ku nuna wa malami. In kun koma gida, ku karanta wa waɗanda ba su zo ba, musamman samari masu sha'awar tuƙi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.